ABINCINKA DA DOGARAN HANJINKA



Kowace shekara, in damina ta zo ƙarshe wajen watan Satumba, makiyaya na kora dabbobinsu zuwa filayen Ingal da Tagidda-n-Tesum domin shan gishiri. In sanyi ya shigo kuma, ayari ya kama hanyar Fashi da Bilma, ya ratsa Tenere, ya komo da kantu. Ba a lakwal aka koya wa makiyayi wannan ba. Da idonsa ya gani: dabbar da ta rasa gishiri sai ta rame, gashinta ya dushe, ta dinga lasar ƙasa, nononta ya ragu, ko da ciyawa na nan har gwiwa.

To, jikin mutum ma haka yake. Ban da gishirin miya, akwai waɗansu abubuwa da jiki ke bukata ƴan kaɗan ƙwarai. Ido ba ya ganinsu cikin tuwo, harshe ba ya jin ɗanɗanonsu. Amma in babu su, hanji na cikin waɗanda ke fara shan wuya. Yau za mu yi maka bayaninsu, da aikin da suke yi wa masu tsaron hanjinka, da abin da za ka iya yi a garka da cikin gida.

WAƊANNE ABUBUWA NE?

In an ce ma'adini, hankalinka zai tafi Arlit inda ake haƙar iraniyom, ko Jado inda aka ga zinariya a shekarar 2014. Amma cikin ƙasar garkarka ma akwai ma'adinai. Shuka na tsotso su da saiwarta, dabba ta ci shuka, kai kuma ka ci shuka da dabba. Ta haka suke shiga jininka.

Awonsu ƙarami ne. In an raba giram 1 gida 1000, kowane kashi sunansa miligiram. Ƙwayar hatsi ɗaya nauyinta wajen miligiram 10 ne. Riƙe wannan, don da shi za mu yi awo.

Na farko ƙarfe. A jikin babban mutum akwai giram 3 zuwa 4, nauyin ƴar ƙusa ke nan. Mafi yawansa na cikin jini, shi ke sa jini ja.

Na biyu zinki. Shi ne farin ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi da bokiti don kada su yi tsatsa. A jiki akwai giram 2 zuwa 3. Abin da babba ke bukata a rana bai wuce nauyin ƙwayar hatsi ɗaya ba. Sai dai jiki ba shi da rumbun ajiye zinki, tilas kullum a samo sabo daga abinci.

Na uku seleniyom. Na shekara guda cur nauyin ƙwayar hatsi 2 ne kawai.

Na huɗu jan ƙarfe. Wajen miligiram 1 a rana ya isa.

HANJI DA DOGARANSA

Ƙaramin hanjin mutum ya kai wajen mita 6, babban hanji kuma mita 1 da rabi. Cikinsa cike yake da ƙwayoyi masu rai, dubban miliyoyi. Yawancinsu ba su cutarwa, har taimako suke yi wajen narkar da abinci. Amma akwai miyagu da ke shiga tare da ruwa marar tsabta, da ƙuda, da hannun da ba a wanke ba.

Me ke tsakaninsu da jininka? Wani bango ne siriri, jeri ɗaya tak na ƴan ƙananan tubala masu rai, bai kai kaurin fatar albasa ba. Bangon nan na barin abinci ya wuce, ya tare ƙwayar cuta. Cikin kwana 3 zuwa 5 jiki ke sake shi sabo. Ka ga gini ne da ba ya ƙarewa, kullum yana son kayan aiki.

Bayan bango akwai masu tsaro. Kamar yadda Sarkin Abzin ke da dogarai, haka jiki ke da nasa, kuma kaso mai yawa nasu a gefen hanji suke zaune. Ga huɗu daga ciki.

Masu gadin rami: suna zaune cikin ƴan ramukan bangon ƙaramin hanji, suna fesa wani ruwa mai kashe ƙwayar cuta. Wani likita na ƙasar Ostiriya, Joseph Paneth, ya yi bayaninsu a 1888, aka sa musu sunansa. Cikinsu akwai zinki da yawa.

Masu kai ɗauki: fararen ƙwayoyin jini ne da likitoci ke kira nitirofil. Su ke fara isa wurin faɗa. Mugunyar da kake gani a ƙurji, yawancinta gawarwakinsu ne.

Masu haɗiya: likitoci na ce musu makurofaj. Aikinsu biyu. In ana faɗa su haɗiye abokin gaba, su yi kururuwa a kawo gudummawa. In faɗa ya ƙare su share wuri, su taimaka a gyara bango.

Masu ba da umurni: sunansu lanfosit T. Waɗansu na cewa "a far musu", waɗansu na cewa "ya isa, a kwance ɗamara". Waɗannan na biyu su ne masu sulhu. Wani masani na Japan, Shimon Sakaguchi, ya gano su a 1995, aka ba shi kyautar Nobel a 2025 tare da waɗansu masana biyu.

Lafiyar hanji ita ce bango ya zama ba tsaga, dogarai su yi faɗa in akwai dalili, su daina in dalili ya kau.

IN DOGARAI SUKA ƘI KWANCE ƊAMARA

Akwai cutar da dogarai ke ƙin jin maganar masu sulhu. Sai su far wa ƙwayoyin da ba su yi laifi ba, har su far wa bangon da aka sa su tsaro. Hanji ya kumbura, ya yi ja, ya yi gyambo. Iri biyu aka fi sani. Ɗaya gyambon babban hanji, wanda likita Samuel Wilks ya yi bayaninsa a birnin Landan a 1859. Ɗayan cutar Crohn, sunan likita Burrill Crohn na birnin New York a Amurka, wanda ya yi rubutu kanta tare da abokan aikinsa a 1932. Ita tana iya kama ko'ina, daga baki har dubura.

Alamominsu su ne zawo na makonni ko watanni, jini da majina cikin bayan gida, murɗar ciki, rama, kasala, wani lokaci da zazzaɓi. Ciwon ya lafa, ya sake tashi. Ya fi fara wa samari da ƴammata da magidanta masu ƙuruciya. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ba sammu ba ne, ba aikin iska ba ne. Gado na da hannu ciki, da irin ƙwayoyin da ke zaune a hanji, da irin ci da zaman mutum.

A Turai da Amurka aka fi samun cutar. Amma cikin shekarun baya an ga tana ƙaruwa a biranen Asiya da na Afirka, inda cimar mutane ta sake. A wajenmu tana ɓuya bayan atuni da tarin fuka na hanji, domin alamominsu sun yi kama. Mutum na iya shan maganin atuni sau biyar, ashe ba atuni ba ne. Ba a tabbatar da ita sai likita ya leƙa cikin hanji da wata na'ura mai fitila, ya ɗebo ɗan nama a auna.

Akwai kuma wani kumburin hanji da ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba a ƙauyukanmu, shi ne na yara ƙanana. Yaron da kullum ke haɗiyar ƙazanta, cikin ruwa, cikin ƙasar da kaji da awaki suka yi kashi, dogaransa ba su hutawa. Bangon hanjinsa ya lalace sannu a hankali. Ba lalle ka ga zawo ba. Abin da za ka gani shi ne yaro na ci amma ba ya girma. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, likitoci sun auna jarirai, suka nuna a 1991 cewa lalacewar bangon hanji na da babban rabo cikin tsumburewar yara.

Cututtukan nan biyu dalilinsu daban ne, amma sun haɗu a wuri ɗaya. Hanjin da ya kumbura ba ya tsotson ma'adinai da kyau. Zawo na fitar da zinki, zubar jini na fitar da ƙarfe. Rashinsu kuma na ƙara raunana bango da dogarai. Kamar guga ce da ta huje: kana ja, tana zuba.

ZINKI: LAKAR DA KE RIƘE TUBALA

A ƙasar Iran, a garin Shiraz, wani likita ɗan Indiya mai suna Ananda Prasad ya ga samari ƴan shekara 20 da jiki irin na yaro ɗan shekara 10. Abincinsu gurasar alkama ce marar yisti, ba su samun nama, kuma suna cin ƙasa. Ya yi rubutu kansu a 1961. A Masar ya sake ganin irinsu, ya tabbatar a 1963 cewa zinki ne suka rasa. Da aka ba su zinki sai suka fara tsawo.

A hanji, zinki na aiki uku. Shi ke ƙarfafa lakar da ke haɗa tubalin bango da ɗan'uwansa. In ya yi kaɗan sai tsaga ta buɗe, kuma ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu, masu ba da umurni ba su hayayyafa, ba su ƙosawa sai da zinki. In babu shi, yawansu ya ragu, kururuwar faɗa kuma ta fi ƙarfin muryar sulhu. Na uku, makami ne. Masu kai ɗauki na zuba wani abu mai suna kalfurotektin, wanda ke ƙwace zinki daga bakin ƙwayar cuta don yunwa ta kashe ta. Shi ya sa in likita ya auna bayan gida ya ga abin nan da yawa, ya san hanji na kumbure.

A Amurka an bi mata masu aikin jinya sama da dubu 170 har shekara 26. Sakamakon ya fito a 2015: waɗanda abincinsu ya fi zinki, cutar Crohn ba ta kama su da yawa kamar sauran ba. A birnin Shikago kuma an ga a 2017 cewa masu kumburin hanji da zinki ya yi wa ƙaranci sun fi kwanciya asibiti, sun fi shan fiɗa. Waɗanda aka cike musu giɓin, halinsu ya gyaru.

Ka lura da kyau: zinki ba ya warkar da cutar Crohn ko gyambon babban hanji. Suna da nasu magani a hannun likita. Amma majinyacin da ba shi da zinki kamar magini ne da aka hana laka.

Alamomin ƙarancinsa: miki ya ƙi warkewa, ƙuraje a gefen baki da dubura, gashi na zuba, abinci ba ya daɗi a baki, zawo na yawan komowa.

ƘARFE: KAƊAN CUTA, DA YAWA CUTA

Kowa ya san ƙarancin jini: tafin hannu da cikin ido su yi fari, mutum ya yi ta haki, jiri na ɗibarsa. Dogarai ma na son ƙarfe don su hayayyafa. Amma ga inda gizo ke saƙa: miyagun ƙwayoyi su ma ƙarfe suke nema ruwa a jallo.

Jiki ya san haka. In akwai kumburi, hanta na sako wani abu mai suna efsidin, wanda masana suka gano aikinsa wajen 2001. Shi ke rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini, ya kuma sa masu haɗiya su kulle ƙarfen da ke hannunsu. Dabara ce ta hana abokin gaba abinci. Ta kwana kaɗan tana da amfani. In kumburi ya daɗe, mai gida ma yunwar ta kama shi, jininsa ya ragu.

To, in mai irin wannan hali ya sayi ƙwayar ƙarin jini a tebur ya yi ta sha, ina ƙarfen zai tafi? Ƙofa na rufe. Sai ya zarce cikin babban hanji, ya zama abincin miyagun ƙwayoyi. An ga haka a Kodibuwa a 2010, wajen ƴan lakwal da aka ba biskit mai ƙarin ƙarfe wata 6: miyagun ƙwayoyi suka ƙaru cikin hanjinsu, na kirki suka ragu, alamar kumburi ta hau. An sake ganin haka wajen jarirai a Kenya a 2015. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin sauro ya yi yawa, an tsai da ba yara ƙarfe barkatai cikin wani gwaji, domin waɗanda suka sha sun fi kwanciya asibiti. Labarin ya fito a 2006.

Kada ki fahimci wannan a baibai, uwargida. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mai ciki wurin awo, ki sha ta yadda aka ce, tana ceton uwa da ɗa. Yaron da aka auna aka ga jininsa ya yi kaɗan, a ba shi abin da likita ya rubuta, ya kwana cikin gidan sauro. Abin da muke hani shi ne shan ƙarfe da ka, ba awo, musamman ana cikin zawo ko zazzaɓi. Mai gyambon hanji kuma, in ciwonsa na tashe, sau da yawa ta jijiya likita ke ba shi ƙarfe.

SELENIYOM DA JAN ƘARFE

Dogarai na ƙona ƙwayar cuta da wani ruwa mai zafi kamar wuta. Wuta kuwa ba ta san gidan mai ita ba. Seleniyom na cikin kayan da jiki ke kashe wutar da su bayan faɗa. A wata jami'a ta jihar Pensilbaniya a Amurka, an gwada a kan ɓeraye masu kumburin hanji a 2014. Waɗanda suka sami isasshen seleniyom, masu haɗiyarsu sun bar faɗa sun koma gyara, hanjinsu ya warke. Waɗanda suka rasa, ciwo ya ci ƙarfinsu. Wannan a ɓera ne aka gani. A mutane kuma an sha auna masu cutar Crohn a tarar seleniyom ɗinsu ya yi ƙasa. Amma in ya yi yawa guba ne, gashi da farce su zube. Ƙwai, kifi, nama da ƙoda sun isa.

Jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Matafiyi Ibnu Batuta ya zo Takadda a 1353, ya tarar ana ciniki da sandunan jan ƙarfe. A jiki, shi ke taimakon ƙarfe ya shiga jini, in ya yi kaɗan masu kai ɗauki su ragu. Ƙarancinsa ba shi da yawa wajen mai cin wake da gujiya da hanta. Sai dai zinki da jan ƙarfe kishiyoyi ne a hanji. Wanda ya yi wata da watanni yana shan ƙwayar zinki mai yawa, zai kori jan ƙarfe, jininsa ya ragu. Ka ga nan ma awo ne magani.

ABIN DA ZA KA YI A GARKA

Abin da babu a ƙasa ba ya zuwa cikin ƙwarya. A ƙasar Finlan, da suka ga ƙasarsu ba ta da seleniyom, sai suka fara zuba shi cikin takin zamani a 1984, ya hau cikin jinin mutane. A tsakiyar Turkiyya, cikin shekarun 1990, an zuba wa gonakin alkama zinki, amfani ya ƙaru ƙwarai.

Kai mai garka a Timiya, ko Tabalot, ko Iferwan, ko bisa Bagzan, ga naka:

1. Duba masararka. In sabon ganye ya fito da farin zane a gefen jijiyarsa, kara ya gajarce, yana iya zama ƙarancin zinki. Ƙasa mai kanwa da ƙasa mai rairayi sun fi yin haka. Nuna wa malamin gona.

2. Kada ka raina takin gida. Kashin raƙumi, na awaki da na shanu, in ya ruɓe da kyau, yana mai da wa ƙasa ƙananan ma'adinan da buhun takin zamani na kullum ba ya kawowa. Yawan zuba fosfat fiye da kima kuma na hana shuka tsotson zinki.

3. Albasa kuɗi ce, amma ba ta isa cimar gida ba. Ware fangali kaɗan don wake, tumatir, yakuwa da zogala. Kada ka loda dukan lemun Timiya a mota, bar na yara.

4. Akwai irin hatsi mai suna Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta fitar tare da INRAN a 2018. Yana da ƙarfe wajen miligiram 65 a kilo, ya fi irin da aka saba, yana da zinki, kuma yana nuna da wuri. In kana shuka hatsi a garka, ko kana da ƴan'uwa a Damargu inda hatsinmu ke fitowa, tambayi sarwis ɗin noma.

ABIN DA ZA KI YI A MADAFA

Hatsi, dawa, masara, alkama da wake duk suna da ƙarfe da zinki. Amma cikinsu akwai wani abu mai suna fitat da ke ɗaure su tamau, su wuce ta hanji ba a tsotsa ba. Kakanninmu sun san makarinsa.

1. Jiƙa wake ko hatsi ya kwana, ki zubar da ruwan. Barin gasara ta yi tsami kamar ta koko, ko sa tsiro cikin kunu, na kwance ɗaurin.

2. Sa abu mai tsami na itace ko na garka tare da abinci: lemu, tumatir ɗanye, garin kuka na ƴaƴa. Suna taimakon ƙarfe ya shiga jini.

3. Nama ko ɗan kaɗan ne, hanta, ƙwai, busasshen kifi, fara da cuku, su ne ke da ma'adinan da hanji ke tsotsa a sauƙaƙe. In an yanka akuya, ɗan yanki na hanta rabon yaro ne da mai ciki. Fara kuwa a tabbata ba wadda aka fesa wa magani ba ce.

4. Nono abinci ne mai kyau, amma ƙarfensa kaɗan ne. Yaron da ya wuce wata 6, ki ci gaba da ba shi mama, ki ƙara masa kunu mai kauri da garin wake ko gujiya. Kafin wata 6, mama kaɗai.

5. Shayi. Mun san a Agadas ba a raba mutum da butarsa. Amma tun 1975 aka nuna a Afirka ta Kudu cewa shayi in an sha shi tare da abinci yana hana fiye da rabin ƙarfen hatsi da ganye shiga jini. Mai gida, ka jinkirta kofi ukun nan kamar awa 1 bayan cin abinci. Kada a ba ƙaramin yaro.

6. Mai ciki da ke kwaɗayin cin farar ƙasa ta faɗa wurin awo. Sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, ƙasar kuma na iya ɗaure ƙarfe da zinki, ta kawo tsutsar ciki.

7. Ruwan sha a tace, a tafasa ko a sa masa magani. A wanke hannu da sabulu. A raba wurin wasan yaro da wurin kwanan dabbobi. Dogarin da ba a tasa kullum shi ke da ƙarfi ranar faɗa.

IN YARO YA KAMA ZAWO

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa abu biyu: ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, da ƙwayar zinki. Ƙunshi 1 cikin litar ruwa 1 mai tsabta, a dinga ba shi kaɗan kaɗan. Zinki kuwa, yaron da ya kai wata 6 miligiram 20 a rana, wanda bai kai ba miligiram 10, har kwana 10 zuwa 14. A narkar da ƙwayar a cokali da ruwan mama ko ruwa mai tsabta. Ko zawo ya tsaya a kwana na 3, kada a fasa. Ragowar kwanakin na gyaran bango ne, kuma suna kāre yaro har wata 2 ko 3 gaba. Kada a hana shi mama, kada a hana shi abinci. A 2006 gwamnatin Nijar ta yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Je likitar da ta fi kusa da ku, ka tambaya.

A gaggauta kai shi in ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko yana amai ba tsayawa, ko akwai jini cikin zawo, ko ƙafafu sun kumbura irin na tamowa.

BABBA FA?

In zawo ya wuce mako 2, ko jini na fita ya ƙi tsayawa, ko kana ramewa ba dalili, ko an yi maganin atuni ya sake komowa, kada ka ce basir ne ka zauna kan jiƙo. Kada ka sayi ƙwayoyin ciwon jiki na tebur irin su ibuprofen da diclofenac, suna iya tada gyambon hanji. Kada ka yi ta shan kafso da ka, yana kashe ƙwayoyin kirki tare da miyagu. Tafi likita. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka babban asibitin Agadas, in ana son leƙa hanji a tura ka gaba. Ka roƙa a auna jininka. Mai wannan cuta in ya sami magani da abinci mai kyau yana noma, yana kiwo, yana aure, yana haihuwa kamar kowa.

Ɗan'uwa, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Hannun da ke ban ruwa a garka, da ƙafar da ke bin raƙumi, daga hanji suke samun ƙarfi. Ka karanta wa maƙwabcinka da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba wannan takarda, ki karanta wa kishiyarki da surukarki. Ku tattauna a wurin taron koferatif: wa zai gwada sabon iri, wa zai ware fangalin wake bana.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka cikin garka da garke. Amin.